Kwalli Cikin Takaba

Litinin, 8 ga Satumba, da hantsi

Aina'u ce ta sa aka sayo wannan littafin, tun Malam, maigidana, yana asibiti. Ta ce, "Inna, ki riƙa rubuta rana da lokaci, da abin da Baba ya ci, da ko hannun ya motsa. Duk Juma'a ki karanta mini." Nata daga gaba nake rubutawa. Wannan na juya littafin ne na fara daga baya. Nawa ne.

Ga shi na rubuta sunanta. Shekara ashirin da bakwai bakina bai taɓa kiransa ba. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyar Malam ta ci. "Ke" nake cewa, ta amsa. Shi kuwa Uwata yake ce mata. Ashe takarda ba ta da kunya.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Baƙi sun watse. Ƙanwata Kaltume ce ta zauna tana taya ni takaba.

Aina'u ba ta sani ba.

Talata, 9 ga Satumba, bayan la'asar

Alhaji Kassimu, yayan Malam, ya sake tara mutanen gida a zaure. Ni ina daga bayan ƙofa. Ya maimaita abin da ya faɗa tun ranar jana'iza: duk wanda ya sa hoton ƙaninsa Nababa a waya, ko ya yi wa yarinyar nan gaisuwa, bai yafe ba.

Tana Jamus. Shekara biyu ke nan tana digiri na biyu a kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ranar tara ga Oktoba za ta tsaya gaban malamanta ta kare aikinta. Alhaji ya ce in ta ji yanzu za ta watsar da komai ta taho, masu ɗaukar nauyinta kuma ba za su ƙara mata ko mako guda ba. Ya ce Nababa ma haka zai so.

Da zai fita ya tsaya jikin ƙofar, ya rage murya. "Hure, maganar ranar Talatar nan kuma ba ta taso ba. An kai shi asibiti, Allah ya yi ikonsa. Kin ji ko?"

Na ce to.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Ta kira. A saninta an sallamo shi, yana gida, bakin ne bai buɗe ba tukuna.

Na buɗe gaban littafin na karanta mata. Litinin ya sha koko rabin kofi. Talata ya sha fura ba ta sarƙe shi ba. Laraba babban yatsa ya ɗan motsa. Da hannuna na rubuta su da safe, ina rubutawa ina share hanci. Ta ce, "Allah, Inna? Babban yatsa? Kai, Alhamdu lillahi! Sa mini shi a kunne."

Na ɗora wayar a kan matashinsa.

Ta ce, "Baba, Uwarka ce. Na san kana jina. Wurin ji daban yake da wurin magana, naka na ji lafiyarsa ƙalau, kada ka yi mini wayo." Ta yi dariya. Ta ba shi labarin sanyi ya fara, da wata Farfesa da ke duba aikinta wadda ba ta iya kiran Tsanyawa ba. Ta ce a ba shi lemon tsami ya riƙa matsawa a hannu sau ashirin, safe da yamma. Ta ce in ta dawo sai sun yi kokawar hannu, kuma ba za ta raga masa ba.

Kaltume ta toshe baki da mayafi ta fita. Ni na zauna ina riƙe da gefen matashin kada wayar ta zame. Minti goma sha ɗaya.

Asabar, 13 ga Satumba, da safe

Na zuba koko kofi biyu.

Litinin, 15 ga Satumba, da azahar

Hajiya Sauda, matar Alhaji, ta shigo da wasu mata biyu daga ƙauyensu da ba su samu zuwa gaisuwa ba. Bayan an shafa fatiha ɗaya ta tambaya, ina babbar 'yar, an ce likita ce a Turai.

Hajiya ta ce, "Likitar ɓeraye dai. Kansu take buɗewa tana leƙawa. Ga su nan fal rumbu kyauta, sai an hau jirgi?"

Suka yi dariya suna rufe baki. Ta ƙara da cewa, "Ga shi dai uban ya faɗi, ɓera bai tashe shi ba."

Ina zaune a kan tabarma. Mai takaba ba ta ɗaga murya. Na ce su gaida gida.

Alhamis, 18 ga Satumba, da hantsi

An fara yankan gero. Daga tsakar gida ina jin muryoyin maza a gonar bayan gida. Malam ne ya shuka shi, shi ya yi masa noman farko da maimai. Da yamma za a shigo da dammuna a jingine su a inda yake jingine kekensa.

A keken nan ya riƙa kai Aina'u makaranta, shekara shida, tana baya tana riƙe da rigarsa. Mutane suna ce masa, Nababa, mace ce fa. Sai ya ce, "Na sani, ai ni na yanka ragon."

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan azahar

Na yi kuskure.

Ina karanta mata na ce ranar Laraba ya ɗaga hannun hagu har kafaɗa. Sai ta ce, "Inna, hagu?"

Na ce e.

"Inna, dama ne ya shanye."

Na ce bakina ne ya suɓuce, dama nake nufi. Ta ce, daga motsa yatsa zuwa ɗaga hannu har kafaɗa a mako guda? Na ce ikon Allah ne. Ta ce haka ne. Sannan ta ce in kunna bidiyo ta gan shi. Na faɗi abin da Alhaji ya koya mini, cewa ba ya so ta ga fuskarsa a karkace. Ta ce to ni ta gan ni. Na ce wurin hoton ya lalace tun da wayar ta faɗi.

Yau ba ta daɗe da matashin ba. Ta gaishe shi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta yi shiru tana saurare. Na san abin da take nema. Numfashi take nema. Na matso da fuskata kusa da wayar na yi mata.

Allah ka yafe mini.

Lahadi, 21 ga Satumba, da la'asar

Mako uku.

Talata, 23 ga Satumba, da hantsi

Ba na son Talata.

Lokacin da Aina'u za ta tafi, Malam ya ce ta faɗa masa da Hausa abin da za ta je karantawa, don ya samu abin gaya wa mutane a majalisa. Ta ce, "Baba, ka san magudanar ruwanku ta Watari? In ta toshe, fangalin da ke gaba me yake yi?" Ya ce yaushi. Ta ce, "In an buɗe da wuri fa?" Ya ce ya farfaɗo. "In an bar shi kwana uku?" Ya ce sai dai a cire a sake dashe. Ta ce, "To haka jini yake a kai. Sai dai shi ba a sake dashe. Ni ina so in san abin da za a yi wa fangalin kafin ya mutu."

Ya ji daɗin bayanin nan. Har masu tumatir ya riƙa yi wa shi.

Ina wurin ranar. Ina tankaɗe, amma na ji duka. Ba zan ce ban ji ba.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan azahar

Yau ba ta ce in karanta ba. Tambayoyi ta yi ta yi.

"Inna, kin je sunan gidan Ikilima?" Na ce ina jinya, ina zan je. "Inna Kaltume har yanzu tana nan? Mijinta bai gaji ba?" Na ce tana taya ni ɗaga shi. "Me ya sa kike magana ƙasa-ƙasa?" Na ce yana barci.

Sai muryarta ta karye. Ta ce kwana shida ba ta rubuta ko layi ɗaya ba. Tana zuwa ɗakin gwaji ta zauna tana kallon bango. Ta kira Baffanta ya ce lafiya lau, ta kira 'ya'yansa kowa lafiya lau, kamar an raba musu a takarda. Ta ce, "Inna, ki ari wayar wani. Juma'a mai zuwa in ban ga fuskarki ba, wallahi jirgi zan hau, su riƙe digirinsu."

Ba ta ce sai ta ga tasa ba. Tawa ta ce. Yarinyar nan ta san abin da za ta duba.

Asabar, 27 ga Satumba, da safe

Na duba madubi. Ido fari fat, kunne ba komai. Ko makaho ya shafa fuskar nan ya san mijina ya mutu.

Ga shi na rubuta.

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan la'asar

Kaltume ta gaya wa Alhaji. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakina, ya juya mini baya yadda ya saba tun da na shiga takaba.

Ya ce abu mai sauƙi ne. Ranar Juma'a in sa kwalli, in sa 'yan kunne, in ɗaura atamfa mai haske. Shi kuma Nababa a ce an kai shi Kano gashin ƙashi.

Na ce, "Alhaji, takaba nake."

"Minti biyar ne. Lalura ce, Allah ya san niyya."

Na ce shekara talatin ban taɓa saɓa wa Malam da gangan ba, wannan ne abu na ƙarshe da zan yi masa. A bar ni in yi shi cikakke. Na ce ko a faɗa mata kawai, 'yarsa ce.

Sai ya juyo. Rabon da ya dubi fuskata tun a asibiti.

"A faɗa mata? To. In ta tambayi ranar Talata, wa ta kira? Ni ta kira? Wayar a hannun wa take? Ni ban yi mata alkawarin komai ba, Hure. Ke kika yi."

Kaltume ta ce, "Haba Alhaji, ai kai ka hana a—" Ya ce ba da ita yake ba.

Saura kwana takwas ta gama. Shekara biyu tana cikin sanyin nan ita kaɗai.

Na ce to.

Juma'a, 3 ga Oktoba, da la'asar

Tandun kwallin Malam ne ya sayo mini a kasuwar Tsanyawa, shekarar da aka yaye Aina'u. Kaltume ce ta sa mini. Tana sawa yana zubowa, tana gogewa tana sakewa. Ta ce, "Yaya, don Allah ki daure, kwallin zai ƙare."

Muka kunna bidiyo. Ta rame. Tana cikin wata riga mai kauri, bayanta taga, ganye duk ya yi ja. Ba ta gaishe ni ba. Ta matso da fuskarta tana dubana, ido, kunne, wuya, ido. Na yi murmushi yadda aka ce in yi.

Sai ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka, tana kuka tana dariya.

"Inna, ki yafe mini. Wallahi na ɗauka Baba ya rasu kuna ɓoye mini. Na ce kowa zai iya yi mini ƙarya, har ke, don tausayi. Amma Innata ba za ta taɓa sa kwalli tana takaba ba, ko da wuƙa a wuyanta. Kai, yau zan yi barci!"

Na ce ta daina irin wannan tunanin.

Ta ce in tsaya ta nuna mini abu. Ta ɗago littafin aikinta, mai kauri kamar bulo, ta buɗe shafin farko. Duk littafin Turanci ne, wannan shafin kaɗai ta yi da Hausa don ya karanta da kansa. Ta karanta mini: "Ga Babana, Malam Nababa, wanda zai riƙe wannan littafi da hannunsa na dama."

Ta ce, "Ya yi, Inna?"

Na ce ya yi.

Juma'a dai, kafin magariba

Na wanke sau huɗu da sabulu. Har yanzu akwai baƙi a gindin gashin ido.

Litinin, 6 ga Oktoba, da azahar

Ta turo saƙon murya, a sa wa Baba. Tana gwada jawabin da za ta yi. Ban gane ko kalma ɗaya ba sai sunanta. Na sa masa har ƙarshe.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau arba'in. Yau kuma ranarta. Ban lura sun haɗu ba sai da Kaltume ta ƙirga a yatsu shekaranjiya.

Tun safe gida ya cika, ana dakan gumba, ana suyar waina, malamai suna karatu a zaure. Ina zaune ana ta yi mini Allah ya jiƙansa, ni kuwa bakina yana amin, zuciyata tana wani ɗaki a Jamus da ban taɓa gani ba. Ban san wa na fi yi wa addu'a ba.

Da wayar ta yi ƙara Kaltume ta ja ni bayan rumbu, inda ba a jin turmi.

"Inna, na ci! Na ci! Farfesar har rungume ni ta yi. Sun ce in zauna in yi na uku. Ba wa Baba wayar, ba wa Baba!"

Na ce yana wurin gashi, sai gobe.

Alhaji ya ce shi zai faɗa mata ranar Asabar, da dabara, a matsayinsa na uba. Na san dabararsa. Zai fara daga asibiti.

Na bar mata yau.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da hantsi

Ban jira Alhaji ba. Ban jira ta kira ba. Na sa Kaltume ta danna mini, na ce ta fita ta ja ƙofa.

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Ta ɗauka da murna. Na ce ta zauna. Na ce, "Babanki Allah ya yi masa rasuwa."

Ta yi salati. Ta sake yi. Ta ce, "Yau? Da asuba?"

Na ce, "Jiya arba'in."

Ina jin wata mota tana wucewa a can ƙasarsu.

"To wa nake yi wa magana duk Juma'a?"

"Matashinsa."

"Numfashin fa?"

"Ni ce."

Na jira kuka. Da ta yi kuka da na san abin da zan ce. Ba ta yi ba. Muryarta ta koma irin wadda take jawabi da ita.

"Kin sa kwalli, Inna."

Na ce don karatunta ne, don kada wahalarta ta tashi a banza. Ta ce ta ji. Ta ce tambaya ɗaya za ta yi, kuma in dubi Allah.

"Ranar Talatar da ya faɗi, kin kira ni ƙarfe bakwai saura. Na ce a sa shi a mota yanzu-yanzu a yi Kano, kada a tsaya ko'ina. Na ce awa huɗu muke da su. Kin ce to. Da azahar na kira kin ce kuna can. Ƙarfe nawa kuka isa asibiti?"

Na dubi matashin.

"Inna, ƙarfe nawa?"

Na ce, "Ranar Juma'a."

Na ce Baffanta ne ya ce shafar iska ce, in aka yi masa allura shi ke nan ya tafi. Ya ce a yi hayaƙi da tofi tukuna. Na ce na gaya masa abin da ta ce, ya ce yarinyar da ɓera take karanta ba za ta koya masa ciwon ɗan'uwansa ba.

Ta ce, "Baffa bai san me nake karantawa ba. Ke kin sani. Kina wurin."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Aina'u." Da ƙarfi, har Kaltume ta turo ƙofa. Na sake cewa, "Aina'u."

Kaltume ta karɓi wayar ta duba. Ta ce ta riga ta kashe.

Asabar, 11 ga Oktoba, da azahar

Alhaji ya yi faɗa a tsakar gida, wai na ɓata masa shiri, mace ba ta iya riƙe magana. Ban ce to ba. Na shiga ɗaki.

An ce jiya a masallaci mutane suna ta ba shi hannu, 'yarsu ta gama digiri a Turai. Yana cewa ai tun tana ƙarama ya ga alama.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Waccan Talatar, koko ne ya fara zubowa ta gefen bakin Malam. Ya dube ni yana son ya yi dariya, rabin fuskar ta ƙi. Motar haya tana tsayawa a bakin titi, tafiyar minti goma daga nan. Mayafina yana rataye a ƙusa. Na ɗauko shi ma. Ina riƙe da shi Alhaji ya shigo.

Kwana uku Malam yana bina da ido. Shi ya san bayanin magudana. Shi ya fi kowa saninsa.

Laraba, 15 ga Oktoba, da la'asar

Ta kira Kaltume. Ta tambayi inda aka binne shi, da wanda ya yi masa wanka. Ta ce ta karɓi tayin Farfesar, za ta zauna shekara huɗu. Kaltume ta ce, ga Innarki kusa. Ta ce a gaishe ta.

Juma'a, 17 ga Oktoba, kafin magariba

Tun jiya na aika aka cika wayar da caji. Na ɗora ta a kan matashin. Aka tafi masallaci, aka sauko. Ba ta yi ƙara ba.

Kaltume ta nuna mini inda ake dannawa a yi magana a tura. Na shirya abubuwa da yawa da zan ce. Da na danna, sunanta kawai ya fito. Sau uku. Na saki.

Ta ce in alamar nan ta gefe ta koma shuɗiya, to ta saurara.

Tun azahar ta koma shuɗiya.